Ƙaramin yaro da ƙirƙirarriyar basira: tambayoyin da iyaye ke yawan yi

Tun da shuɗin zoben nan na Meta AI ya bayyana a cikin WhatsApp ɗin mutane a Najeriya da Ghana a watan Afrilun 2024, damuwar iyaye ta sauya salo. A da bidiyo da wasannin waya ake tsoro. Yanzu ɗan aji ɗaya ne zai ɗauki wayar uwarsa ya yi tambaya, ya sami amsa daga wani abu da ba mutum ba. Na tattaro tambayoyin nan ne daga abin da nake ji a ƙofar makaranta da gidajen suna, da kuma zaman da nake yi da 'yata mai shekara shida.

Wai mece ce wannan abar, kuma me ya bambanta ta da binciken Google?

Idan kuka yi bincike a Google, bisa al'ada shafukan da mutane suka rubuta yake nuna muku, ku zaɓa da kanku. Ita kuwa ChatGPT da ire-irenta, su Gemini da Claude da Meta AI, ƙaga amsar suke yi nan take. An ciyar da su da rubutu mai tarin yawa daga littattafai da intanet, har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da haka suke harhaɗa jimla, da labari, har da hoto da murya. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022, daga nan abin ya bazu kamar wutar daji.

Ga hanyar da na bi na fahimtar da 'yata. Na ce mata, “Komai nisan jifa...” sai ta cafke, “ƙasa zai faɗo.” Na ce mata to ita ma na'urar haka take yi, sai dai ita ta ji magana fiye da duk wanda kika sani. Ta iya ƙarasa zance, amma ba ta taɓa jifa ba, ba ta kuma taɓa ganin dutse ya faɗo ba.

Daga shekara nawa aka yarda yaro ya yi amfani da ita?

Ya danganta da kamfanin. OpenAI ya ce sai mai shekara 13, kuma wanda bai kai 18 ba sai da izinin iyaye. WhatsApp, inda Meta AI take zaune, shi ma 13 ne. Kamfanin Anthropic mai Claude ya ce sai 18. Google kuma a 2025 ya buɗe wa 'yan ƙasa da 13 ƙofar Gemini ta hanyar Family Link, tsarin da iyaye ke sa ido a kan wayar yaro da shi, kuma uwa ko uba na iya kashewa. Hukumar UNESCO ma, a jagorar da ta fitar a Satumbar 2023, shekara 13 ta ba da shawara a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da irin wannan fasaha a aji.

Kada dai a ɗauka ranar da yaro ya cika 13 hankalinsa ya nuna kenan. Asalin lambar daga wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfanoni tara bayanan yara 'yan ƙasa da 13 ba tare da yardar iyaye ba. Kamfanonin suka ga ya fi musu sauƙi su ce ba sa karɓar yaran. Shinge ne na shari'a, ba awon ƙwaƙwalwa ba.

To idan haka ne, me ya kai ni zama da ɗan shekara biyar ko shida a gabanta?

Ba dole ba ne. Iyayen da suka ce ba yanzu ba, ba su yi asarar komai ba, kuma duk mai ce muku za a bar ɗanku a baya idan bai fara tun yana nazire ba, wataƙila akwai abin da yake son sayar muku.

Ni dalilina ɗaya ne: na san za ta haɗu da abar ko ina so ko ba na so, a wayar yayanta ko ta ƙanwata ko ta maƙwabta. Na fi son haɗuwar farko ta kasance a kan cinyata. Tsarinmu kuwa ba ya canzawa. Asusun nawa ne, wayar tana hannuna, ni nake rubutawa, ni nake fara karanta amsar a zuci kafin in karanta mata. Ita nata kawo tambaya da yanke hukunci a kan amsar. A haka ba yarinyar ke amfani da manhajar ba, ni ce, ita tana gefe kamar yadda take tsayawa kusa da ni a kicin ba tare da na miƙa mata wuƙa ba.

Da me ya kamata mu fara a zaman farko?

Ku fara da abin da yaron ya fi na'urar sani. Wannan ita ce shawarar da na fi riƙewa a duk shafin nan. Idan kuka fara da tambayar nisan rana ko girman giwa, yaron zai ga abin al'ajabi ne da ya san komai, kuma wannan kallon farko yana da wuyar gogewa. Idan kuwa kuka fara da kacici-kacici ko tatsuniya, shi ne alƙali.

Mu da kacici-kacici muka fara. Muka rubuta, “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya,” muka jira. Manhajar da muka gwada ta yi dogon bayani a kan makiyaya da haɗin kai, ba ta ambaci tsintsiya ba. 'Yata ta yi dariya har da kwanciya. Muka ƙara da “Baba na ɗaka, gemu na waje,” nan ma ta kewaye hayaƙi ta tafi wani wuri. Taku manhajar tana iya cankar waɗannan, domin kullum ana gyara su. Ku dai ci gaba da kawo na unguwarku da na kakanni, za ku kai inda za ta tsaya.

Bayan haka sai ku haɗa labari tare. Yaron ya zaɓi taurarin, misali akuya da direban Keke Napep, na'urar ta kawo sakin layi ɗaya, ku tsaya ku tambaye shi, “To me ya faru daga nan?” Kada ku bari ta kai labarin ƙarshe ita kaɗai. Ƙurunƙus na yaro ne.

Tana jin Hausa kuwa?

Tana ji, amma jin baƙo. Yawancin rubutun da aka horar da su da shi na Turanci ne, Hausa kuwa kasonta kaɗan ne duk da miliyoyin masu magana da ita. Za ku ga tana zubar da ƙugiyar haruffa, ta rubuta kafa a wurin ƙafa, ko bari a wurin ɓari. Takan rikita jinsi, ta ce rana ya fito. Wani lokaci kalmomin duk na Hausa ne amma ginin jimlar na Turanci, kamar Bature ya sa babbar riga. Idan gidanku Sakkwatanci ake yi ko Hausar Damagaram, za ku ga tana jan ku zuwa Hausar labaran rediyo.

Abin yana gyaruwa. Google Translate ya saka Hausa tun 2013, masu bincike irin na HausaNLP da Masakhane suna tara rubutu da murya a harsunanmu, kuma a Satumbar 2025 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da irin wannan manhaja mai suna N-ATLaS, mai aiki da Hausa da Yarabanci da Igbo. Amma ga yaron da ke koyon harafi yanzu, kada rubutun na'ura ya zama allonsa. Idan za ku nuna masa abin da ta rubuta, ku mai da shi wasan farautar kuskure: wa zai fara gano ɗ ɗin da aka cire wa ƙugiya?

Ɗana ya tambaye ni ko mutum ne a ciki, ƙanwarsa kuma ta ce aljani ne. Me zan ce musu?

Ku gaya musu gaskiya a taƙaice: ba mutum, ba aljani, na'ura ce da mutane suka ƙera, tana can cikin manyan kwamfutoci a wata ƙasa, wayar kuma hanya ce kawai. Wasan ƙarasa karin magana da na kawo a amsar farko yana taimakawa a nan. Don Allah kada a yi amfani da ita wajen tsoratarwa, irin “zan gaya wa na cikin waya ba ka ci abinci ba.” Dodo ya ishe mu.

Kada kuma ku yi wa yaron dariya, manya ma sun faɗa wannan rami. A 1966 wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙera wata manhaja mai sauƙi da ya kira ELIZA, wadda ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka gina abar da idonta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. Idan wannan ya faru da babba a gaban abin da bai kai ko kusa da na yau ba, me za a ce da ɗan shekara biyar da murya mai daɗi ke kiran sunansa? Saboda haka ni ba na cewa “ta yi fushi” ko “tana son ki,” ko da wasa.

An ce takan yi ƙarya. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma ba ta ƙifta ido. Tunda aikinta harhaɗa abin da ya yi kama da amsa ne, idan ba ta da gaskiyar sai ta kawo mai kama da ita, da irin muryar da take faɗin abin da yake daidai. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da tsoffin shari'o'i shida da ChatGPT ta ƙago, babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa. Lauyoyi kenan.

A gidanmu Gizo ne ya yi mana aikin bayani. 'Yata ta san Gizo da daɗin baki, ta kuma san ba a ɗaukar maganarsa sai an duba. Na ce mata wannan ƙanwar Gizo ce, bambancin kawai shi ne Gizo ya san yana ƙarya, ita kuwa ba ta sani ba. Daga nan muka kafa doka: duk abin da ta faɗa mana mai muhimmanci, sai mun nemi shaida na biyu, ko littafi, ko malamar aji, ko Hajiya kakarta. Wata rana ta ba mu wani karin magana a kan haƙuri da ban taɓa ji ba. Muka kira Hajiya. Ta saurara, ta ce, “Wannan kuma Hausar wane gari ce?” Tun daga ranar, da na karanta amsa sai yarinyar ta ce, “Umma, a tambayi Hajiya.”

Zan iya amfani da ita wajen karatun addini na yaro?

A nan nake taka birki sosai. Duk abin da aka faɗa a amsar da ta gabata ya shafi aya da hadisi ma. Tana iya tsallake kalma a aya, ta haɗa rabin wannan da rabin waccan, ko ta jingina wa Bukhari maganar da babu ita a cikinsa, har da lambar hadisi. Ga kuma batun ruwaya: yaron makarantar allo yawanci Warsh yake karantawa, rubutun da ya cika intanet kuwa na Hafs ne, sai a rikita shi a kan abin da malaminsa ya biya masa daidai. Hadda da tajwidi daga baki ake karɓarsu.

Inda take da amfani shi ne wajen ku iyaye. Kuna iya neman ta ba ku dabarar bayyana wa ɗan shekara shida ma'anar amana da misalin da zai gane, ku tace, ku faɗa da bakinku. Nassin kuwa a ɗauko shi daga Mus'hafi da wurin malam. Iyaye Kirista ma haka, a buɗe Littafi Mai Tsarki a duba ayar kafin a karanta wa yaro.

Aikin gida na makaranta fa?

Aikin ɗan firamare ɗaya ko biyu ba don a samu amsa aka ba shi ba, malama ta san bakwai da biyar sha biyu ne. Don hannunsa da kansa su saba ne. Idan na'ura ta yi, an cika littafi an bar yaro fanko. Abin da nake yi shi ne, idan ta kasa gane abu kuma bayanina ya ƙare, sai in nemi wata hanyar bayani bayan ta yi barci, washegari in gwada da ƙwallayen dabino ko murafen kwalba.

Yana son mu riƙa ƙirƙirar hotuna. Akwai matsala?

Wannan ne ya fi jan yara, kuma akwai daɗi. Sharaɗina shi ne ta fara zana nata a takarda, sannan mu nemi na na'ura, mu ajiye su gefe da gefe. Idan aka fara da na na'ura, yaro yakan kalli ƙyallinsa ya raina nasa zanen, wani ma ya ajiye fensir.

Ku kuma duba hoton tare da idon basira. Mun taɓa neman hoton hawan Sallah a Kano, aka ba mu mahaya da rawani irin na Larabawan sahara, ga wani doki da ƙafafunsa suka sarƙe ba a san adadinsu ba. Muka nemi gidan Bahaushe, aka kawo bukka a tsakiyar daji. Na tambaye ta, “Haka gidanmu yake?” Ta ce a'a, ina zaure, ina tankin ruwa? Na'urar abin da aka fi ɗorawa a intanet game da Afirka take maimaitawa, kuma yana da kyau yaro ya gane da wuri cewa hoton da aka yi masa daga nesa ba shi ba ne. Gidajen da ke kaffa-kaffa da zanen mai rai suna iya tsayawa a kan motoci da gine-gine da itatuwa, wasan bai ragu ba.

Zan iya saka hoton ɗana don a mayar da shi kamar ɗan katun?

Ni ba na yi. Hoton da aka ɗora ya bar wayarku ya tafi kwamfutocin kamfani, kuma wasu kamfanonin suna amfani da abin da aka tura musu wajen ƙara horar da manhajarsu sai idan an kashe hakan a saiti. Ƙananan manhajojin gyaran hoto da ba a san masu su ba sun fi haɗari. Ga shi kuma yanzu da hoto ɗaya ana iya haɗa na bogi, da 'yar gajeriyar murya ana iya kwaikwayon mutum.

Haka sunan yaro cikakke, da makarantarsa, da unguwa, da rashin lafiyarsa, duk ba sa shiga. Idan labari muke haɗawa, sunan wasa muke ba tauraruwar. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Amma idan ku da kanku kuka tura, ai kun ba da yardar kenan. Ku shiga saitin manhajar ku kashe amfani da hirarku wajen horarwa idan akwai wannan zaɓin, ku kuma riƙa goge tsoffin hirarraki.

Minti nawa ya dace, kuma yana cin data?

Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Wannan awar ta haɗa da katun da komai. Mu minti goma zuwa sha biyar muke yi, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma ba dab da barci ba.

Rubutu zalla ba ya cin data sosai. Hoto da hira da murya su ne masu ci, kuma tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya san zafin abin.

Yarona yakan ɗauki wayata ya shiga Meta AI ba da sanina ba. Yaya zan yi?

Ku sa wa WhatsApp ɗin kansa makulli na zanen yatsa, yana nan a sashen sirri na saiti, ban da makullin wayar. Ku buɗe hirar ku ga abin da ya tambaya, ba don duka ba, don ku san abin da ke ransa. Sau da yawa za ku tarar tambayar da ya ji nauyin yi muku ce, ko wadda ya yi aka ce masa ya yi shiru. Ku kuma yi magana da yayye da ƙannen iyaye da ke gidan, domin galibi ta wayarsu ake shiga. Tsarin sa idon iyaye da OpenAI ya fito da shi a Satumbar 2025 na matasa ne masu asusun kansu, bai shafi ƙananan da ake magana a nan ba, kamar yadda aka yi bayani a amsar shekaru.

Na lura ya fi son tambayarta fiye da ni. In damu?

Ku lura dai. Na'urar ba ta gajiya, ba ta cewa “bari in gama girki,” ba ta tsawa, kuma takan yawaita yaba wa mai tambaya. Ba uwar da za ta yi gasa da wannan. Amma yaro yana buƙatar wanda zai ce masa a'a, da wanda zai ce “ban sani ba, zo mu tambaya.” Idan ya fara kiranta ƙawarsa, ko yana son a bar shi da ita shi kaɗai, ko yana kai mata kukan abin da aka yi masa a makaranta, ku dakatar da zaman na wasu makonni. Manhajojin da aka yi musamman don zama abokin hira kuwa ba na yara ba ne sam. Kamfanin Character.AI da kansa ya hana 'yan ƙasa da 18 irin wannan hira a Nuwamban 2025, bayan ƙararrakin da iyaye suka shigar a Amurka.

Ban yi boko mai zurfi ba, Turancina kaɗan ne. Zan iya wannan zaman?

Za ku iya. Ku rubuta da Hausa, ku ce ta amsa da Hausa mai sauƙi a jimla uku ko huɗu, idan ta zarce ku ce ta taƙaita. Amsarta ta Turanci takan fi inganci, saboda dalilin da aka faɗa a tambayar jin Hausa, don haka idan batun lafiya ne ko magani kada ku dogara da ita da kowane harshe, ku je asibiti. A wasan kacici-kacici da tatsuniya kuwa ku ne malamai. Maƙwabciyata da ko firamare ba ta gama ba ita ta fi mu kama na'urar da kuskure, domin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Botorami da ke kanta sun fi nawa yawa nesa ba kusa ba. Ranar da ta zo, ita ke faɗa ina rubutawa, yara huɗu suna zaune a tabarma suna jiran su ji ko wannan karon za ta canka.